Irin Baba a Bayan Keke Mai Ƙahon Rago

Shekarar da na cika arba'in na sayi keke. Ba irin keken mutanen kirki ba, wanda ake ɗaure wa buhu a baya a kai niƙa. Na gwanjo ne, siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, in ka hau dole ka duƙa ka ɗaga wa duniya gindi. Mai gwanjon ya haɗa mini da hular kwano, da takalma masu ƙarfe a tafi waɗanda ke maƙalewa a feda, da wani baƙin wando mai kama jiki wanda aka ɗinka wa soso a tsakiya. Ranar da na fara saka wandon matata ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in dai da shi zan fita, to in bi ta ƙofar baya, ita tana da dangi a unguwar.

Mu huɗu ne masu wannan ciwo a garin Tawa, duk ma'aikatan biro, wato ofis, duk masu tumbi. Kowace Lahadi bayan asuba mukan hau kwalta mu fita gari, mu juyo kafin rana ta yi zafi, mu zauna wurin mai shayi muna yi wa juna ƙaryar gudun da muka yi. In bazara ta kankama sai mu jingine kekuna, don mai tuƙa keke a wannan zafin ba motsa jiki yake yi ba, neman likkafani yake. Ba ma sake hawa sai ruwan farko ya sauka. Watannin jiran nan su ne watannin gyara, kuma a nan ne nake zama abin tausayi. Nakan kifar da keken a tsakar gida, ƙafafu sama, in kwance kaca in wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in shanya ta a igiyar shanya tsakanin zannuwan matata. Ina kallon bidiyon Turawa a waya suna gyaran nasu cikin ɗaki mai sanyi, ni kuma ina kwaikwayo gumi na ɗiga a kan giris.

Turawan nan abu ɗaya suka cusa mini a kai, wai nauyi shi ne abokin gaba. Sai na shiga rage wa keke nauyi. Na cire ƙararrawa. Na cire abin jingina. Na cire madubi. Abin da na cire na ƙarshe shi ne abin da masu gyara a garinmu ke kira 'yar ciki.

Ga yadda take. Duk mai faci da ya san aikinsa a ƙasarmu ta Adar ba ya saka maka shambur, wato robar da ke riƙe iska, kai tsaye a cikin taya. Yakan samo matacciyar taya, ya yanke bakinta mai waya, ya shimfiɗa ta a cikin sabuwar, sannan ya saka shambur. In ƙaya ta huda ta farko sai ta tsaya a ta biyu. Wani tsoho mai faci da ke zaune ƙarƙashin dogon yaro kusa da tasha shi ya saka mini tawa tun ranar da na sayi keken, bai ma tambaye ni ba, kamar yadda tela ba ya tambayar ka ko a sa wa wando mazagi. Turawan bidiyo kuwa ba su da ita. Na zare ta gaba da baya, na ɗaga a hannu na ji nauyinta, na jefar da ita bayan madafa ina jin na ci nasara.

Da na kai masa keken ya daidaita mini ƙafar baya, tsohon ya matsa taya da babban yatsa, ya tsaya.

“Wa ya hidda 'yar ciki?”

“Ni na hidda ta, Kawu. Nauyi gare ta.”

“Nauyi,” ya ce, yana kallon cikina. “Wanga da ke gabanka hwa, shi ba ya da nauyi?”

Masu zaman banza da ke kan bencinsa suka kwashe da dariya. Na ce masa zamani ya ci gaba, masu tseren duniya ba sa saka irin wannan tarkace. Ya ce masu tseren duniya a gonar wa suke bi? Ya ce in tsaya ya mayar mini, ba zai karɓi komai ba. Na ƙi. Ni mai taurin kai ne tun ina yaro, kuma dariyar 'yan bencin ta ƙara mini.

Yanzu sai in faɗi abin da ke rataye a ɗakina duk tsawon wannan lokaci, a ƙusa, sama da inda nake jingine keken. Wani ƙaramin buhu ne, tiya huɗu na irin hatsi. Na mahaifina ne. Ƙauyenmu yana gaba da Barmu kaɗan, kuma Baba yana noma irin da ya gada daga kakanmu, mai saurin nuna, wanda ya san ƙasarmu. Kowace kaka yakan zaɓi zangarkun da suka fi kyau, ya sussuke da kansa, ya kawo mini birni. Ba don rumbu ba shi da wuri ba. Don ya san halin watannin da ke gaban damina ne, lokacin da rumbu ke ƙarar wofi, jikoki na kuka, kuma hatsi mai kyau yana kallon ka. An sha daka iri a ƙauyenmu a yi fura da shi, ruwa ya zo a rasa abin shukawa.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Shekarar farko da ya kawo ajiyar ya ajiye buhun a gabana ya ce, “Kai wanga, ga iri nan. Ko ni na zaka da kaina kahin ruwa na ce ka ba ni, kada ka ba ni.” A duk rayuwata ba a taɓa ba ni wani muƙami da ya kai wannan ba. A biro ni ne mai buga takardu, ko makullin kabad ba a bar mini. Amma Baba ya ba ni abin da bai yarda da hannunsa a kai ba. Shekara shida ina riƙe da shi. Duk ranar da aka yi ruwan shuka, washegari da sassafe nakan ba ɗan kabu-kabu ya kai masa a babur, kafin hantsi iri yana gona.

A wannan shekarar ruwa ya sauka wata Asabar da la'asar. Kafin magariba waya ta yi ƙara. Baba ya ce can ma an samu, ya tona da hannu har wuyan hannu bai taɓa busasshiyar ƙasa ba. Ya ce a turo iri.

“Ni zan kawo shi da kaina, Baba,” na ce. “Bisa keke.”

Ya ce, “Wanga keke naka?”

Na ce masa babur tsayawa yake yi shan mai da ɗaukar fasinja, ni kuwa ba na tsayawa. Na ce kafin ya gama shan koko zai ga ƙurata. Matata tana jin mu daga bakin murhu. Da na kashe waya ta ce, “Malam, ka ba mai babur irin, kai ka bi shi a baya da abin wasanka.” Na ce mata ba abin wasa ba ne, kuma wannan ita ce fitar farko ta bana, abokaina za su je su dawo a kwalta, ni kuwa zan buɗe shekara da tafiyar da za a daɗe ana labari. Gaskiyar magana, so nake mutanen ƙauyenmu su gan ni na shigo a guje cikin hular kwano, su daina tambayar Baba ko ɗansa ya rasa kuɗin babur ne.

Na fita bayan sallar asuba, buhun iri a cikin jakar goyo a bayana, gorar ruwa ɗaya, famfon hannu, da faci uku. Uku, saboda nauyi.

Ba zan yi wa keken butulci ba. Sa'ar farko ta yi daɗi ƙwarai. Ƙasa tana ƙamshin ruwa, iska da sanyinta, jar hanya ta kwanta lumui babu ƙura. Kacar da na wanke ba ta ko tari. A gonakin gefen hanya mutane sun riga sun fito, namiji a gaba da sungumi yana sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Suna ɗagowa suna kallona, ni kuma ina ɗaga musu hannu ɗaya kamar gwamna. Na yi waƙa ma, Allah ya sa babu wanda ya ji.

Abin ya fara ne da na sauka daga jar hanya na kama turbar da ke yanke wa ta cikin gonaki. Na san turbar tun ina yaro, abin da na manta shi ne abin da ake yi mata a ƙarshen rani. Kowa yana gyara shinge kafin damina don dabbobi, kuma reshen ƙaya ba a ɗauka a ka, ja ake yi a ƙasa. Magarya, aduwa, farar ƙaya, duk an ja su ta turbar nan makonni, ruwan jiya kuma ya lulluɓe abin da suka zubar da yashi kaɗan. Duk wanda ya tashi a Adar ya san wannan. Ni ma na sani, bidiyo ne ya share mini shi.

Tayar baya ta fara saki. Na sauka, na kwance, na samu ƙayar aduwa tsawon ɗan yatsa, na yi faci, na buga iska, ina gaya wa kaina ko masu tseren duniya suna samun haka. Ban yi tafiyar da za a kira tafiya ba ta gaba ta saki. Ina cikin facinta waya ta yi ƙara.

“Ina kake?” in ji Baba.

“Ga ni nan tahe, Baba. Na kusa.”

Ban kusa ba. Ko rabin turbar ban ci ba. Amma wa ya taɓa cewa bai kusa ba? A garinmu mutum yana kwance a gado zai ce maka ga shi nan a bakin ƙofarka, kai ma ka san ƙarya ce, ka ƙara masa sa'a guda a lissafinka. Abin da ban yi tunani ba shi ne Baba ba mutumin birni ba ne. In aka ce masa an kusa, an kusa ke nan.

Faci na uku ya tafi kafin hantsi. A nan ne wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi wandona, ya kawar da kai don kunya.

“Malam, lahiya? In kai maka kayan?”

Hanyar ƙauyenmu zai bi. Ya ma san Baba, ya faɗi inda gonar take. Da na miƙa masa jakar nan, da wannan labari bai kai a rubuta ba. Na ce masa na gode, ɗan ƙaramin gyara ne, yanzu zan wuce shi a hanya. Ya ce to Allah ya kiyaye, ya tafi. Ina tsaye ina kallon ƙurarsa, wani abu a cikina yana cewa kira shi, ni kuma ina ce wa abin ya yi mini shiru.

Huda ta huɗu da ta biyar tare suka zo, a ƙafar baya. Babu sauran faci. Na tuna a ƙuruciya mukan cusa wa taya busasshiyar ciyawa mu lallaɓa gida, sai dai a ƙarshen rani ciyawar da awaki suka bari ba ta cika cokali ba. Abin da ke akwai shi ne baƙaƙen ledoji da iska ta rataya a jikin ƙaya. Haka na bi bishiya bishiya ina tsinkar leda, mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya uku, cikin wandon soso. Na cusa su a taya na hau. Ta kai ni kamar daga gidanmu zuwa masallaci, sannan tayar ta zame daga ƙarfe ta naɗe a birki, na sauka ba da niyyata ba, ƙafafuna a maƙale a feda. Ko a faɗuwar jakar irin na kare, wannan dai a rubuta mini.

Baba ya sake kira. Na sake cewa na kusa. Ya kira na uku, na ce ai ina hango itatuwan gari. Abin da nake hangowa tudun duwatsu ne da wata akuya.

Takalman keke ba a yi su don tafiya ba, ƙarfen tafinsu yana sa ka yi tafiyar agwagwa. Na cire su na rataya a wuya, na saɓa keken a kafaɗa, na bar wa ƙafafuna ƙayar da ta rage. Yanzu kam ina neman babur ido rufe, amma babu ko ɗaya, duk mai ƙafa yana gona. Ruwan gora ya ƙare. Rana ta hau tsaka, na ga yashin turba yana sauya launi a gabana, daga ja mai duhu zuwa fari. A lokacin ne tsoro ya kama ni na gaske, don na san abin da wannan launin ke nufi.

Wata tsohuwa a kan jaki ce ta cim mini. Ta wuce ni, ta tsaya, ta juyo ta ƙare mini kallo, sai na gane ƙanwar kakata ce ta wajen uba.

“Kai, ba ɗan gidanmu na birni ba ne? Ɓarayi sunka tuɓe ka?”

“A'a, Inna. Kayan keke ne.”

“To shi keken mi ya same shi, da kai ka goya shi?”

Na miƙa mata jakar irin da hannu biyu, ta ɗora a gabanta. Na ce ta yi sauri don Allah. Ta ce jakin nan tun da aka haife shi bai taɓa sauri ba, kuma bai taɓa kwana a hanya ba. Haka muka shiga ƙauye bayan azahar, ita a gaba, ni a baya da keke a kafaɗa. Mutane sun gan ni kuwa, burina ya cika ta wannan fannin.

Gonar Baba tana gabas da gari. Da muka ɓullo ta bayan shinge na tsaya cak. An sare ta tun daga wannan kai har wancan, layi bayan layi, ramuka a buɗe, babu ko ɗaya da aka rufe. Ba a yin haka. Mai sara ba ya nisa da mai jefa iri, don rami in ya buɗe rana shanye shi take yi. Amma an gaya wa Baba an kusa, sai ya ce bari ya rage aiki kafin iri ya iso. Aka sake gaya masa an kusa, ya ci gaba. Tsoho mai ciwon baya ya sare gona guda shi kaɗai tun safe a kan maganata. Matan gida da jikoki suna zaune a gindin gawo da ƙoransu babu komai a ciki.

Baba bai dubi wandon ba, bai dubi keken ba. Ya karɓi jakar daga hannun Inna, ya buɗe, ya zura hannu cikin irin ya tabbatar shi ne. Sannan ya duƙa a ramin da ke kusa da ƙafata, ya ɗebo ƙasar ciki ya dunƙule a tafinsa, ya buɗe. Da safe da ta tsaya curi. Yanzu ta zube ta tsakanin yatsunsa.

“Da ka ce mini ba ka kusa ba,” ya ce, “da ban sara ba.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na fi son ya zage ni, wallahi, ko ya ɗauki ƙotar sungumin ya sauke mini a gadon baya yadda yake yi da muna yara. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Mun shuka duk da haka. Na karɓi sungumin na bi ina sake sara a gefen kowane rami, ina zurfafawa don in taɓo sauran laima, su kuma suna bina da iri. Hannun mai buga takardu ne, kafin la'asar ya yi bororo ya fashe. Ba mu gama ba sai washegari, ƙasa ta ƙara bushewa. Ruwa na biyu ya yi jinkiri a shekarar. Gonakin maƙwabta da aka rufe da sassafe sun tsira sun jure, tamu ta fito jefi-jefi, gefen gabas kusan babu komai. Baba ya yi ƙoƙarin cike gurbin da irin da ya roƙa a wurin mutane, wanda ba namu ba. Na aika da hatsi daga birni a watannin da suka biyo, ya karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Keken a motar kasuwa ya dawo Tawa, a kan buhunan gawayi. Na tono 'yar cikin daga bayan madafa, kaji sun yi kashi a kanta, na wanke na kai wa tsoho mai faci. Ya dubi tayoyin, ya dubi ƙafafuna da ke naɗe da tsumma. 'Yan benci sun gyara zama suna jiran abin da zai ce. Shi kuwa ya mayar da ita gaba da baya, ya buga iska, ya miƙo mini.

Da kaka ta yi Baba ya zo birni kamar kullum, da ƙaramin buhu a kafaɗa. Bai kai na bara cika ba, daga 'yan zangarkun da suka tsira ya tsinto shi. Muka gaisa a zaure, na shigo da shi tsakar gida, aka shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa. Na riga na share ƙusar ɗakina tun da safe. Na matso na miƙa hannu biyu.

Baba ya dubi bayan kafaɗata ya kira matata. Ta zo ta durƙusa.

“Ɗiyata, ga iri nan,” ya ce. “Ko ni na zaka kahin ruwa na ce ki ba ni, kada ki ba ni. Ran da anka yi ruwa ki ba mai babur.”

Ta karɓa ba ta dube ni ba, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gori a kai ba, abin da ya fi gorin ciwo. Na mayar da hannuwana na sa a aljihu.

Shekara huɗu ke nan. Ina hawa kekena har yanzu, da 'yar cikinsa da ƙararrawarsa, kuma in aka kira ni a hanya ina faɗin inda nake ko da tsakiyar daji ne. Irin yana rataye a ɗakin matata, bayan ƙofa, taku goma daga inda nake kwana. Ƙusar ɗakina kuma hular kwano nake ratayewa a kanta.